Kyamara mai ido biyu: Yadda ake gano abin da ke sa hoto ya fita dishi-dishi

A gidaje da dama a Jega da Aliero da Maiyama, har da garuruwa irin Karaye, idan aka zazzage tsohuwar adaka ba a rasa hotuna baƙi da fari, na ɗaurin aure ko na haramar tafiya aikin Hajji.

Wasu daga cikin hotunan murabba'i ne, tsawonsu da faɗinsu ɗaya. Wannan siffa galibi alama ce ta kyamarar nan mai ido biyu, wadda mai ɗauka ke rataya a wuya, ya riƙe ta a saitin ciki, ya sunkuyar da kai yana leƙa ta daga sama.

A irin waɗannan hotuna akan ci karo da wani abin mamaki. Fuskar mutum ta yi dishi-dishi, amma labulen da ke bayansa ya fito raɗau, har ana iya ƙirga furannin jikinsa.

Mai ɗaukar hoton ba makaho ba ne. Lokacin da ya danna, fuskar ya gani tangaran a gilashinsa. Kyamarar ce ta nuna masa abu ɗaya, ta kuma sa wa fim wani daban.

Maganar ta sake tasowa ne saboda ɗaukar hoto da fim ya farfaɗo a Turai da Amurka da Japan, ana kuma neman tsofaffin kyamarori ana saye. Wanda ya gaji irin wannan kyamara daga uba ko kaka yana riƙe da abu mai daraja. Sai dai darajar na iya zubewa cikin rabin awa, idan aka miƙa ta ga mai sukundireba ya fara kwance ta kafin a san ina ne ciwon.

Ido ɗaya na gani, ɗaya na ɗauka

Kamfanin Franke & Heidecke da ke birnin Braunschweig a Jamus ne ya fito da Rolleiflex a 1929, kuma ita ce ta sa wannan ƙira ta yi suna a duniya. Daga baya Japan ta shigo da irin su Yashica da Mamiya, China ta yi Seagull a Shanghai. Yawancinsu suna cin fim mai lamba 120, wanda ke ba da hoto 12, kowanne santimita 6 da 6.

Masu hoto a Afirka ta Yamma sun ci moriyarta sosai. Sanlé Sory da Rolleiflex ya yi aiki a shagonsa na Volta Photo a Bobo-Dioulasso tun shekarun 1960. Malick Sidibé na Bamako, wanda ya karɓi babbar lambar yabo ta bikin baje kolin fasaha na Venice a 2007 ya kuma rasu a 2016, shi ma ya yi aiki da ita. Mutanen unguwar Bagadadji sun san shi da gyaran kyamara kamar yadda suka san shi da ɗaukar hoto, shagonsa cike da tsofaffin kyamarori jere a kan kanta.

Ƙirar ba ta da wuyar fahimta. Idanu biyu ne a kan allo ɗaya, ɗaya bisa ɗaya. Idan aka murɗa makunnin saiti, allon ya matsa gaba ko baya, idanun su tafi tare.

Hasken da ya shiga idon sama yana faɗawa kan madubin da ke kishingiɗe a ciki, ya juya sama zuwa wani gilashi mai kaushi. A nan mai ɗauka ke ganin hoto. Hasken da ya shiga idon ƙasa kuwa kai tsaye yake zuwa kan fim, kuma babu wanda ke ganinsa sai bayan an wanke.

Ke nan komai ya rataya a kan sharaɗi guda: tafiyar da haske ke yi daga idon sama zuwa gilashin leƙe ta zo daidai da tafiyar da yake yi daga idon ƙasa zuwa fim. Da zarar sun saɓa, mai hoto zai ci gaba da ganin komai lafiya lau, fim kuma yana karɓar hazo.

Saɓanin da ake magana a kai ɗan mitsitsi ne. A kyamara mai ido na milimita 80, idan mutum na tsaye a tazarar mita ɗaya da rabi, kuskuren rabin milimita, wato kamar kaurin farce, yana gusar da saitin da kusan santimita 15. Wanda aka saita a kan ƙwayar idonsa, sai saitin ya koma bayan kunnensa.

Dalilin da ya sa aka yi babbarta

Dattawa za su iya tuna mai hoton da ke kafa akwati a kan ƙafa uku ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle. Wannan ita ce kyamara mai babban fim, kuma ido ɗaya gare ta. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, da irinta ya yi aiki, fim ɗinsa santimita 13 da 18, kuma yawanci sau ɗaya yake danna wa kowane mutum.

Matsalarta ita ce bayan an gama saiti, sai an rufe idon an zura gidan fim a daidai inda gilashin leƙe yake. Daga nan mai ɗauka ya daina gani. Idan wanda ake ɗauka ya ɗan gyara zama a cikin waɗannan daƙiƙu, shi ke nan.

Don maganin wannan ne Peter Gowland, wani mai hoto a California ta Amurka, ya ƙera Gowlandflex a ƙarshen shekarun 1950: kyamara mai ido biyu, amma mai cin fim falle-falle na inci 4 da 5. Ya kuma yi ƙalilan masu inci 8 da 10. Kamfanin Cambo na ƙasar Holand shi ma ya yi tasa.

An rabu da makantar, amma an gaji ciwon mai ido biyu, kuma a babbar kyamara ciwon ya fi tsanani. Idanunta dogaye ne, milimita 180 ko 210 ko fiye, kuma yadda tsawon ido ke ƙaruwa haka yankin da ke fita raɗau ke tsukewa. Ga shi kowane falle hoto ɗaya ne tal. Wanda zai yi gwaji da ka, da kuɗinsa zai yi.

Hoton da ya lalace shi ne shaidar farko

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga hoto bai fita ba, a yanke hukunci cewa idon kyamarar ya mutu. Kafin a taɓa ko da kusa ɗaya, hoton kansa yana da bayanin da zai ba da.

Abin da za a fara tabbatarwa shi ne ko laifin ma na kyamarar ne. Idan aka duba tsohon hoto da gilashin ƙara girma, irin na masu gyaran agogo, za a ga ƙwayoyi kamar yashi a jikinsa, waɗanda na fim ne. Idan ƙwayoyin sun fito tsaf amma fuskar ta yi hazo, a kyamara aka yi kuskuren. Idan su kansu ƙwayoyin sun narke, to a wajen bugawa ne aka kasa saiti, kuma mai yiwuwa nagetif ɗin lafiyarsa lau. Wannan ya isa dalilin da zai hana iyali zubar da nagetif don kawai hoton da ke hannunsu bai yi kyau ba.

Daga nan sai a nemi wurin da ya fita raɗau a cikin hoton, ko da ba inda ake so ba ne. Tabarmar da ke ƙasa ko dandamalin siminti suna taimakawa, domin suna miƙewa daga gaban mutum zuwa bayansa, ana iya bin su da ido har a ga inda saƙar ta fito fili.

Idan babu wuri ko ɗaya da ya fita, kuma gefen abubuwa ya yi kamar an ja shi ko ya ninku biyu, to girgizar hannu ce. Idan komai ya yi fari-fari kamar an ɗauka cikin hazon hunturu, a haska tocila ta cikin idon ƙasa. Fumfuna, wadda ke yaɗuwa kamar yanar gizo-gizo a kayan da suka sha damina a rufe, ko tururin tsohon mai, za su nuna kansu. Babu ɗayansu da murɗa saiti zai gyara.

Idan gefe ɗaya na hoton ya fita, ɗayan ya yi hazo, alhali mutanen suna jere kafaɗa da kafaɗa, kusan kullum labarin faɗuwa ne. Kyamarar ta taɓa bugun ƙasa da fuska, allon idanun ya karkace. Wannan targaɗe ne, kuma kamar yadda mutane ke niƙo gari zuwa Aliero wajen masu ɗori maimakon su ja ƙafar da kansu, shi ma aikin wanda ya san kan abin ne. Lanƙwasa shi da hannu ƙara ɓata shi yake yi.

Sai kuma idon mai ɗaukar. Mutumin da ya haura shekara 40 yakan fara kasa ganin abu na kusa, gilashin leƙe kuma kusa yake da fuska. Amma kuskuren ido ba ya da alƙibla: yau saiti ya faɗi gaba, gobe ya faɗi baya. Kuskuren ƙarfe kuwa ba ya sauya hali. Idan hoto goma duk bayan mutum suka fita, a bar zargin tabarau, idanun kyamarar ne suka saɓa.

Akwai wani abu da ake yawan haɗawa da wannan alhali ba danginsa ba ne, wato yanke wa mutum hula ko goshi a hoton kusa. Hakan na faruwa ne saboda idon sama ya fi na ƙasa tudu, kowanne da abin da yake kallo. Ba shi da alaƙa da saiti.

Gwajin da ba ya cin fim

Hanyar da masu gyara ke bi ita ce su ba wa kansu damar ganin abin da idon ƙasa ke gani.

Ana kafa kyamarar a kan ƙafa uku ko a ɗaure ta a kan tebur, a buɗe bayanta, a buɗe kafar haske har ƙarshe, a sa ƙyauren a harafin B ko T don ya tsaya a buɗe. Sai a ɗora wani gilashi mai kaushi a kan siraran layukan ƙarfe na ciki, waɗanda fuskar fim ke kwanciya a kansu, ɓangaren kaushin yana kallon idon. Wanda ba shi da irin wannan gilashi zai iya manna salatif mai hazo a kan tsinken gilashi mai santsi, ya juya ɓangaren salatif ɗin ciki.

Yanzu hoto biyu ne a gaban mutum, na sama da na baya. Sai a saita na sama har ya fita, a duba na baya da gilashin ƙara girma ba tare da an taɓa makunnin ba. Wayar hannu tana da amfani a nan: a ɗauki hoton kowane gilashi, a buɗa su da yatsu a kwatanta.

Gwajin sau biyu ake yinsa, a nesa da kuma a kusa, kuma wanda ya tsallake ɗaya bai yi komai ba.

Na nesa yana buƙatar nesa ta gaske. Ga ƙaramar kyamara mai ido na milimita 80, turken sadarwa ko hasumiyar masallaci a tazarar mita 200 sun wadatar. Ga ido na milimita 210, wannan tazara tana barin kuskuren kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita, don haka sai an nemi abin da ya kai kilomita ko fiye. A ƙasar Kebbi kuma akwai lokutan da hakan ba ya yiwuwa: ƙurar hunturu tana shafe nesa, zafin bazara da tsakar rana yana sa iska ta riƙa rawa. Wata ya fi komai. Yana da nisa, gefensa a yanke yake, kuma kyauta ne.

Na kusa ana yinsa da tef ɗin tela. A shimfiɗa shi a karkace yana nisantar kyamara, a tazarar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a soka allura a kan wata lamba, a saita a kanta. Lambar da ta fita raɗau a gilashin baya ita ce za ta faɗi inda saitin ya tafi da kuma nisan da ya yi.

Alƙiblar kuskuren ma tana da ma'ana. Idan saitin na faɗawa bayan allurar, tafiyar haske ta sama ta yi tsawo, misali gilashin leƙe ya ɗaga fiye da mazauninsa. Idan gaba yake faɗawa, ta gajarta.

Inda ciwon ya fi ɓuya

Idan idanun sun saɓa a nesa da kusa duka, kuma ta ɓangare ɗaya, to wani abu ne ya gusa, kuma sau da yawa hannun mutum ne ya gusar da shi.

Wanda aka fi samu shi ne gilashin leƙe da aka cire don sharewa aka mayar a kife. Ɓangaren kaushi ƙasa ya kamata ya kalla, wajen madubi. Idan aka juya shi, saitin yana gusawa da kusan kashi biyu cikin uku na kaurin gilashin, wanda ya zarce rabin milimitan da aka ambata. Haka kuma a ƙarƙashin firam ɗin gilashin akan sami siraran washa, wasu ba su fi takarda kauri ba. Mai sharewa yakan ɗauke su tarkace ne ya hure. Su ne ma'aunin da masana'anta ta daidaita kyamarar da shi.

Madubi shi ne na biyu. Na kyamara a fuskarsa aka shafa masa azurfa, saɓanin na ɗaki da aka shafa ta baya. Wanda ya ga ya dushe ya yanko madubin kasuwa ya sa, zai sami hoto mai inuwa biyu da saiti mara kyau. Ko da madubin na gaske ne, gusawarsa tana ninkuwa: saboda a kishingiɗe yake, idan ya ɗaga da milimita ɗaya tafiyar haske tana sauyawa da kusan milimita 1.4.

Akwai kuma faifan roba mai zobba-zobba da ake ƙarawa don hoton leƙe ya yi haske. Idan aka sa shi a ƙarƙashin gilashin a kyamarar da ba a ƙera ta da shi a nan ba, yana ture saiti da kusan sulusin kaurinsa.

Lamarin da ya fi ban haushi shi ne idanun su yarda da juna a kan wata, su saɓa a kan tef ɗin tela. Wannan yana nufin idanun ba tagwaye ba ne.

Lambar da ake rubutawa a bakin ido ƙiyasi ce. Ido biyu da aka rubuta wa 210, ɗaya na iya zama 210 ɗayan 212. Masana'antu irin Rollei sun kasance suna auna idanu su haɗa waɗanda suka dace. Amma a babbar kyamara, inda mai ita ke iya sayen idanu daban-daban ya ɗaura da kansa, ko a ƙaramar da aka yi wa dashen ido daga wata gawar kyamara, haɗin na iya zama na dole.

Lissafin yana nuna illar. Da wannan bambanci na milimita 2, idan aka daidaita idanun a nesa sannan aka matso mita 1.2 don ɗaukar fuska, saɓanin yana kai kusan milimita ɗaya a wajen fim, wato kimanin santimita 2 a fuskar mutum. Idan kafar haske na kan 5.6, yankin da ke fita raɗau bai wuce santimita ɗaya da rabi gaba da baya ba. Ƙwayar ido ta fita daga ciki ke nan.

Babu washa da ke warkar da wannan gaba ɗaya. Ko dai a nemo ido da ya dace, ko a daidaita su a tazarar da aka fi aiki, a kuma tsuke kafar haske zuwa 16 ko 22 idan an fita daga wannan tazara. Ga mai ɗaukar fuskoki a shago, zaɓi na biyu ba abin kunya ba ne, domin ba wata yake sayarwa ba.

Idan kuwa gilashin sama da na baya sun yarda da juna ko'ina amma hoto na ci gaba da ɓaci jefi-jefi, a koma kan fim. A ƙaramar kyamara, farantin da ke danne fim ta baya na iya yin sanyi, ko a bar shi a mazaunin da ba na fim ɗin ba a kyamarorin da ke cin iri biyu. A babbar kyamara gidajen fim ne abin zargi. Ƙa'idar gidan inci 4 da 5 ita ce zurfinsa ya zama inci 0.197, kusan milimita 5, kuma sassaucin da aka yarda da shi bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Tsofaffin gidaje na katako suna kumbura da damina su motse da rani. Masu aiki da su sukan rubuta wa kowanne lamba, su riƙa lura da wanda hotonsa ke ɓaci, su ware shi.

Kafin a ɗauki sukundireba

Gyaran yana da tsari, kuma juya shi yana jawo aiki biyu. Idon ƙasa ake fara tabbatarwa: idan makunni ya kai ƙarshensa na nesa, dole wata ya fita raɗau a gilashin baya. Sai an gama da wannan ake waiwayar idon sama, a jawo shi ya bi na ƙasa. A Rolleiflex da Yashica idon sama a kan zare yake, da ƙaramar kusa ko zobe da ke riƙe shi a bayan murfin gaba, kuma kaiwa gare shi na buƙatar ɓare fatar da ke fuskar kyamarar, wadda a tsohuwar kyamara takan karye kamar busasshen ganye.

Shi ya sa ya fi kyau a fara da abin da ba ya buƙatar ɓare komai: a duba ko gilashin leƙe a kife yake, ko madubi na motsi a mazauninsa, ko allon idanu na girgiza idan an taɓa shi da yatsa.

Duk abin da za a kwance, a ɗauki hotonsa da waya tukuna, a yi aikin a kan farin ƙyalle cikin faranti, a ɗaki mai rufe ba a tsakar gida ba. Kowace washa a ajiye ta da alamar kusurwar da ta fito, domin ba lallai ne kaurinsu ya zama ɗaya ba. Madubin kuma kada a goge shi da bakin riga ko auduga busasshiya, musamman da hunturu, lokacin da ƙurar da ke kansa yashi ce. A hure ta da ɗan famfon roba, abin da ya ƙi tashi a bar shi, tunda ƙurar madubi ba ta fitowa a hoto.